Haɗa rediyon mota da batir mai zaman kansa

Haɗa rediyon mota da batir mai zaman kansa hanya ce ta sa rediyon da aka ƙera domin mota ya yi aiki a wajen mota, ko kuma a cikinta ba tare da ya taɓa batirin da ke tayar da inji ba. Akan yi haka a shaguna da gareji da rumfunan kasuwa, da ƙananan jiragen ruwa, da gidajen da ba su da wutar lantarki ko kuma ake yawan ɗauke musu ita. Abin da ya sa aikin yake yiwuwa shi ne rediyon ba ya buƙatar komai daga inji. Bukatarsa wuta ce mai ƙarfin volt 12 wadda ke tafiya ta fuska ɗaya, wato wadda ake yi wa laƙabi da DC, kuma irinta ce batir yake bayarwa. Duk aikin ya ta'allaƙa ne a kan wayoyi uku, ruwan ɗorawa da ja da baƙa, da kuma fiyus ɗin da ke kare su daga gobara.

Tarihi a taƙaice

Batirin dalma da asid, wanda har yau shi ne a yawancin motoci, masanin kimiyya ɗan Faransa Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1859. Rediyon mota kuwa ya fara yaɗuwa ne daga 1930, lokacin da kamfanin Galvin na birnin Chicago a Amurka ya fito da samfurinsa mai suna Motorola. A 1952 kamfanin Blaupunkt na Jamus ya fito da rediyon mota mai kama zangon FM. Motocin farko da yawa suna amfani da volt 6 ne, sai a shekarun 1950 masu ƙera motoci suka riƙa komawa volt 12.

Daga baya an daidaita girman rediyon a ƙarƙashin ma'aunin ISO 7736, wanda ya samo asali daga ma'aunin DIN na Jamus: faɗin fuskarsa milimita 180, tsayinta milimita 50, ko 100 ga mai ninki biyu. An kuma daidaita soket ɗin bayansa a ƙarƙashin ISO 10487. Wannan daidaitawa ce ta sauƙaƙa cire rediyo daga wata mota a kai shi wata, ko a ɗora shi a kan tebur.

Abin da mota ke ba rediyo

Kafin a raba rediyo da mota, ya kamata a san abin da motar take ba shi, domin shi ne za a samar masa ta wata hanya.

Na farko, wuta ta dindindin. Wannan tana zuwa daga batir kai tsaye, ko motar na kunne ko tana kashe. Ita ce ke riƙe agogo da tashoshin da aka adana, kuma a rediyoyin zamani da yawa ta nan ne mafi yawan wutar da ke motsa sifikoki take shiga.

Na biyu, wutar makulli. Ba ta zuwa sai an murɗa makullin mota. Aikinta shi ne ta sanar da rediyo cewa lokacin aiki ya yi. Idan babu ita rediyon ba zai kunnu ba, ko da wutar dindindin tana nan.

Na uku, hanyar komawar wuta. A kusan dukkan motocin zamani, an ɗaure kan batir mai alamar ragi (−), wanda masu gyara ke kira negatib, a jikin ƙarfen motar, saboda haka jikin motar gaba ɗaya shi ne wayar komawa. A wajen mota babu wannan ƙarfe, don haka dole ne a ja waya daga rediyo har zuwa kan batirin.

Launukan wayoyi

Rediyoyin da ake saye a kasuwa daban da mota, irin na Pioneer da Kenwood da Sony da JVC, galibi suna bin tsarin launi ɗaya:

• Ruwan ɗorawa: wutar dindindin, zuwa kan batir mai alamar ƙari (+), wato fozitib.
• Ja: wutar makulli.
• Baƙa: negatib.
• Shuɗiya: wuta ce mai fitowa daga rediyo zuwa eriya mai ɗagawa da kanta.
• Shuɗiya mai farin layi: tana kunna amfilifaya ta waje.
• Ruwan lemo: tana rage hasken fuskar rediyo idan an kunna fitilun mota.
• Fara: sifikar gaba ta hagu. Ruwan toka: ta gaba ta dama.
• Koriya: sifikar baya ta hagu. Shunayya: ta baya ta dama.

Kowace sifika tana da waya biyu masu launi ɗaya. Wadda ke da baƙin layi ita ce ta ɓangaren ragi.

Wannan tsari bai shafi rediyon da ya zo da mota daga masana'anta ba, domin kowane kamfani da launukansa. A irin wannan, akan duba zanen da ke manne a jikin rediyon ko lambobin soket. A soket ɗin ISO 10487, rukunin A na wuta ne, rukunin B kuma na sifikoki: A4 wutar dindindin, A7 wutar makulli, A8 negatib. Wasu motocin Volkswagen da Opel suna musanya A4 da A7, abin da yakan sa rediyo ya riƙa manta tashoshinsa idan ba a lura ba.

Kayan aiki

Ana buƙatar batir mai volt 12, da wayar jan ƙarfe mai kauri, da gidan fiyus tare da fiyus ɗinsa, da makunni, da sifikoki masu om 4, da eriya, da mitar gwajin wuta, da tef ɗin naɗe waya ko robar da ke tsukewa idan ta ji zafi.

Kaurin waya yana da muhimmanci, domin a volt 12 ƙaramar asara ma tana bayyana. Idan nisan batir da rediyo mita 2 ne, wutar tana tafiyar mita 4 ke nan, zuwa da dawowa. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5 za ta zubar da kusan rabin volt idan amfiya 10 na bi ta cikinta. Siririya mai murabba'in milimita 0.5 kuwa za ta zubar da kusan volt 1.4, kuma za ta yi zafi. Shi ya sa ake zaɓar 1.5 ko 2.5, a kuma gajarta wayar gwargwadon iko.

Matakan haɗawa

1. A auna batir da mita, a tabbatar da wane kai ne fozitib, wane ne negatib. Ba a dogara da launin murfi kawai.
2. A fara da sifikoki tun kafin wuta ta shigo. Kowace sifika da wayoyinta biyu.
3. A naɗe bakin duk wayar da ba za a yi amfani da ita ba, kowace ita kaɗai, musamman shuɗiya da mai farin layi, domin suna ɗauke da wuta idan rediyo na kunne.
4. A saka gidan fiyus a kan wayar fozitib, dab da batir, amma a bar fiyus ɗin a cire tukuna.
5. Daga bayan fiyus, a kai waya ɗaya kai tsaye zuwa wayar ruwan ɗorawa.
6. Daga wannan mahaɗa, a ja wata waya ta bi ta makunni sannan ta shiga jar waya. Makunnin shi ne ya maye gurbin makullin mota.
7. A ɗaura wayar fozitib a kan batir, sannan a ɗaura baƙar waya a kan negatib a ƙarshe.
8. A sake duba komai, a saka fiyus, a kunna makunni, a fara da ƙaramin sauti.

Wajen kwancewa akan juya tsarin: a fara cire negatib, sannan fozitib.

Inda ake sa makunni

Akwai hanyoyi uku da aka saba bi, kowace da amfaninta da illarta.

Hanya ta farko ita ce a murɗe ja da ruwan ɗorawa wuri ɗaya a kai su batir ba tare da makunni ba. Ita ce mafi sauƙi, amma rediyon yana ɗauka cewa motar kullum a kunne take. Wasu rediyoyin sukan bar agogo ko hasken maɓallai a kunne ko an kashe su, sai su riƙa shan batir dare da rana.

Hanya ta biyu ita ce wadda aka bayyana a sama: makunni a kan jar waya kaɗai. Rediyon yana mutuwa sosai idan an kashe, amma yana riƙe tashoshi da agogo. Wutar da yake ja a wannan hali 'yar kaɗan ce, sai dai tana taruwa. Misali, idan yana jan miliamfiya 5, a wata guda zai cinye Ah 3.6, wato sama da rabin ƙaramin batir mai Ah 7.

Hanya ta uku ita ce a haɗa ja da ruwan ɗorawa sannan a sa makunni kafin su biyun. Da an kashe, ba abin da ke fita daga batir, amma rediyoyi da yawa za su manta agogo da tashoshi da saitin sauti. A nan makunnin ne ke ɗaukar dukkan wutar, don haka sai an samu wanda zai iya jure amfiya 10 na DC ko fiye.

Fiyus

Yawancin rediyoyin mota suna da fiyus mai amfiya 10 a bayansu, wannan ne yakan sa wasu su ga kamar ba a buƙatar wani. Sai dai fiyus ɗin bayan rediyo yana kare abin da ke bayansa ne kawai. Wayar da ke tsakanin batir da rediyo ba ta da kariya. Batirin mota an ƙera shi ne ya iya sakin ɗaruruwan amfiya a lokaci guda domin juya inji. Idan wayar fozitib ta saɓule ta taɓa negatib, abin da masu gyara ke kira shot, cikin daƙiƙu kaɗan za ta yi ja, robarta ta narke, ta kama abin da ke kusa. A shagon katako ko rumfar zana, wannan ya isa ya tayar da gobara.

Saboda haka fiyus na biyu yana zama ne kusa da kan batir. Ƙa'idar da masu haɗa kayan sautin mota suka saba bi ita ce kada ya wuce inci 18, kimanin santimita 45, daga batirin, kuma mafi kusa ya fi. Girmansa yana bin kaurin waya: amfiya 10 ko 15 ga waya mai murabba'in milimita 1.5. Fiyus ɗin mota mai ƙafa biyu ana gane shi ta launi: ja amfiya 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20. Idan ya ƙone, alama ce ta akwai matsala a wani wuri. Ba a maye gurbinsa da silin waya ko takardar ƙarfe, domin yin haka ya mayar da wayar kanta ta zama fiyus.

Sifikoki da ƙarfin sauti

Amfilifayar da ke cikin rediyon mota na zamani tana tura wuta ta wayoyin sifika biyun gaba ɗaya, ɗaya na hawa yayin da ɗaya ke sauka. Wannan na nufin wayar sifika mai baƙin layi ba negatib ɗin batir ba ce. Idan aka haɗa ta da baƙar waya, ko da jikin rediyo, ko aka murɗe ta da takwararta ta wata sifika, amfilifayar za ta iya ƙonewa ko ta ɗauke sauti don kare kanta.

An tsara yawancin rediyoyin ne domin sifika mai om 4. Sifika mai om 8, irin ta kayan sautin gida, ba ta cutar da su, sautin ne kawai zai ragu. Amma idan aka jera sifikoki biyu masu om 4 kafaɗa da kafaɗa a kan layi ɗaya, jimillarsu za ta koma om 2, rediyon ya riƙa jan wuta fiye da kima har ya yi zafi. Idan aka jera su ɗaya bayan ɗaya kuwa, jimillar om 8 ce. Ba dole ba ne a haɗa sifikoki huɗu. Biyu sun isa, muddin an naɗe wayoyin sauran.

Wat 50 sau huɗu da ake rubutawa a kwali adadi ne na ƙololuwa, ba na aikin yau da kullum ba. A lissafi, irin wannan amfilifaya a kan volt 14.4 ba za ta wuce kimanin wat 26 na tsaftataccen sauti ga sifika mai om 4 ba, a aikace ma ƙasa da haka take bayarwa. A cikin mota mai tafiya, altaneta yana ɗaga wuta zuwa tsakanin volt 13.8 da 14.4. A kan batir shi kaɗai, inda wutar take wajen volt 12, iyakar lissafin tana sauka zuwa wat 18. Wannan ne dalilin da ya sa rediyon da ke kan tebur yakan fara shaƙewa da wuri idan an ƙure sauti.

Zaɓen batir da tsawon aikinsa

Batirin dalma mai volt 12 yana da ɗakuna shida, kowane da kimanin volt 2.1. Cikakke, bayan ya huta, yana nuna volt 12.6 ko ɗan sama. A wajen volt 12.1 ya kai rabi. A volt 10.5, yana cikin aiki, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya ƙare. Rediyoyin mota galibi suna aiki ne tsakanin kimanin volt 11 da 15.

Batirin tayar da mota yana da siraran faranti masu yawa, domin ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci sannan a cika shi nan take. Idan ana yawan zuƙe shi har ƙasa, yana saurin lalacewa. Batirin sola da na inbata suna da faranti masu kauri, sun fi jure ja da cikawa. Duk da haka, akan ba da shawarar kada a riƙa wuce rabin ƙarfin batirin dalma.

Akwai kuma batirin litiyam nau'in LiFePO4, wanda ɗakunansa huɗu ke ba da volt 12.8. Ya fi sauƙin ɗauka, kuma ana iya jan kaso mafi yawa na ƙarfinsa, amma yana buƙatar allon kariya na cikinsa da cajar da ta dace da shi. Ɗakuna huɗu na litiyam irin na kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa suna kai volt 16.8 idan sun cika, wanda ya fi ƙarfin rediyoyi da yawa. Manyan motoci irin su tirela suna amfani da volt 24, batir biyu a jere. Haɗa rediyo mai volt 12 da su kai tsaye yana ƙona shi, sai an sa na'urar rage wuta a tsakani.

Ana auna ƙarfin batir da Ah, wato amfiya sau awa. Don a san tsawon aiki, akan raba ƙarfin da za a iya amfani da shi da wutar da rediyo ke ja. Idan aka ɗauka rediyo yana jan amfiya 1.5 a matsakaicin sauti, kuma rabin batirin dalma za a ja:

• Batir mai Ah 7: kimanin awa 2 da minti 20.
• Batir mai Ah 45: kimanin awa 15.
• Batir mai Ah 100: kimanin awa 33.

Waɗannan adadi na sabon batir ne. Adadin Ah da ke jikin batirin dalma galibi an auna shi ne a kan ja na awa 20, kuma idan aka ja shi da sauri abin da zai bayar yana raguwa. Wilhelm Peukert, ɗan Jamus, shi ne ya bayyana wannan ƙa'ida a 1897.

Caji

Da yake babu altaneta, sai an nemo hanyar cika batirin. Ana iya amfani da cajar batir ta wutar gida, ko farantin sola. Farantin da ake kira na volt 12 yakan kai volt 20 ko fiye a rana tsaka idan ba a ɗora masa komai ba, don haka ba a haɗa shi da rediyo kai tsaye, kuma ba a haɗa shi da batir sai ta na'urar daidaita caji. Tsofaffin cajoji masu sauƙi sukan sa ƙugi a cikin sauti, wasu kuma sukan ɗaga wuta fiye da abin da rediyo zai jure, saboda haka ya fi a kashe rediyo lokacin caji. Batirin dalma da aka bari a zuƙe na tsawon kwanaki yakan tara gishirin dalma a farantansa, ƙarfinsa ya ragu har abada.

Idan batir na biyu a cikin mota yake, akan sa na'urar da ke haɗa shi da altaneta lokacin da inji ke aiki, ta kuma raba shi da batirin tayarwa idan inji ya tsaya. Ta haka za a iya sauraro na tsawon lokaci motar kuma ta tashi.

Eriya

A mota, jikin ƙarfen yana taimaka wa eriya wajen kama tasha. A kan tebur babu shi, don haka kamun yakan yi rauni. Ga zangon FM, wanda ke tsakanin megahaz 87.5 da 108, sanda ko waya mai tsawon kimanin santimita 75 a tsaye tana aiki, domin wannan shi ne rubu'in tsawon igiyar da ke kan megahaz 100. Ɗora gindin eriyar a kan faifan ƙarfe yana ƙara kyan kamu.

Ƙasar da aka ƙera wa rediyon ma tana da tasiri, musamman a Najeriya da Nijar inda ake samun rediyoyi na hannu daga motocin ƙetare. Na kasuwar Amurka yana tsallen FM ne a kan lambobin mara, kamar 88.1 da 88.3, yana kuma tsallen kilohaz 10 a matsakaicin zango, alhali a Afirka da Turai kilohaz 9 ake bi. Tsofaffin na kasuwar Japan suna kama megahaz 76 zuwa 90 ne kawai. Yawancin rediyoyin mota kuma ba su da gajeren zango.

Matsalolin da aka fi samu

• Rediyo bai kunnu ba: galibi jar waya ce ba ta samun wuta, ko fiyus ya ƙone, ko baƙar waya ba ta kama sosai ba.
• Fiyus na ƙonewa da an saka: akwai shot, ko an juya fozitib da negatib.
• Yana mantuwa: an musanya ja da ruwan ɗorawa, ko makunni yana yanke su biyun.
• Yana ɗaukewa idan an ƙara sauti: batir ya yi ƙasa, ko waya ta yi siriri, ko om ɗin sifika ya gaza.
• Yana neman lambar sirri: rediyoyin masana'anta da yawa suna kulle kansu idan an yanke musu wuta, domin hana sata.
• Babu wayar makulli sam: wasu sababbin rediyoyin masana'anta suna karɓar umarnin kunnawa ne daga kwamfutar mota ta hanyar sadarwa mai suna CAN, wadda kamfanin Bosch ya gabatar a 1986. Irin waɗannan suna da wuyar amfani a wajen motarsu.

Matakan kariya

Batirin dalma mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, kuma tana iya kamawa da wuta da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri. Don haka ba a cajinsa a rufaffen ɗaki, ko kusa da murhu, fitilar kananzir ko sigari. Ruwan cikinsa asid ne mai cin fata da tufafi. Idan ya taɓa jiki ko ido akan wanke da ruwa mai yawa nan take, a kuma garzaya asibiti idan ido ne. Ana cire zobe da agogon ƙarfe kafin a fara aiki, kuma ba a ajiye sifana ko wani ƙarfe a saman batir. Rediyon kansa yana buƙatar iska ta bayansa, inda ƙarfen sanyaya shi yake, musamman a lokacin zafi. Batirin da ya mutu kuwa yana ɗauke da dalma mai guba, wadda ta fi yi wa yara illa, saboda haka ba a fasa shi a gida ko a zubar da ruwansa a ƙasa. Akan mayar da shi ga masu sayar da batir, waɗanda ke tara tsofaffi domin a sake sarrafa su.